Kada ka tsinka kunun nan

Ka tambaye ni mi ya sa jiya da muka dawo daga masallacin Juma'a jak ɗin da ke tura bututun kankare ta ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nishi kafin bututu ya motsa, kuma wai ko a ƙara ma bentonayit, wato yumɓun da muke damawa kamar kunu, ruwa don ya fi santsi. To saurara yaro, kada ka kuskura ka taɓa tiyon ruwan nan.

Kan injin da ke haƙa gaba ya ɗan fi bututu faɗi, kamar milimita 10 zuwa 25 kowane gefe, to wanga ɗan fili shi muke ɗura ma kunu ta ƙananan ƙofofin jikin bututu don kada ƙasa ta rufto ta cafke kankare. In ya cika fam, bututu bisa kunu yake tafiya, wani sa'in ma yana ɗan yin iyo ciki. Yi lissafi da kanka, bututu mai faɗin mita 1.2, tsawon mita 100, fatar jikinshi ta kai murabba'in mita 377. In rairayi ya riƙe kowane murabba'in mita da tan 2 ka ga tan 750 ke nan kan jak, in kunu ya sauko da shi rabin tan, ko tan 190 ba ta cika ba.

Abin jiya kuwa halin bentonayit ne, in ya zauna sai ya daskare kamar kunun da ya huce cikin kwano, ƙasa kuma ta ɗan zauna bisa bututu, shi ya sa tashin farko ke da nauyi, da ya motsa sai ya saki. Magani kawai a fara famfon kunu kafin a fara turi.

Amma rairayin nan namu na bakin fadamar Birnin Kebbi mayen ruwa ne, ka tsinka kunu ya shanye shi tas ya bar ka da busasshen rami. Mai kauri shi ke yi ma bangon rami yaɓe ya toshe ƙofofin rairayi, tambayi masu haƙar burtsatse su faɗa ma. Kuma a bar shi ya jiƙa awanni kafin a tura, in ruwan irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai ciki ne a fara sa soda ash, garin da ke gyara irin wanga ruwa.

Gobe ka ɗauko mazurarin Marsh, wanda ake auna kaurin kunu da shi. Ruwa zalla sakan 26 yake zuba, in naka ya zo kusa da haka ka kira ni kafin ka kunna famfo.