Tambaya da Amsa: Wayar nan banda cin data me take tsinana wa talaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan kasuwa ne ina harkar hatsi a Maigatari. Kullum a rediyo sai naji ana cewa fasahar zamani zata fitar da ƙasashenmu daga talauci, ni kuma abin da nake gani yarana sun ƙare a TikTok kuɗin data kawai nake biya, wai don Allah akwai inda abin nan ya taɓa yi wa talaka rana ko dai zancen 'yan boko ne? Daga wani mai karatu, Maigatari.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, maganar yara da TikTok kam ba kai kaɗai ba, gidan kowa da akwai. Amma abin ya yi wa talaka rana, kuma abin mamaki ba babbar waya ce ta yi aikin ba, ƙaramar nan ce da muke rainawa muna ce mata rakani kashi.

Bari in fara da maƙwabtanka tunda kana bakin boda. Wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke shiga gari bayan gari, sai ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda sabis ya isa. Dalili kuwa kai ka fi ni sani, da can sai mutum ya hau mota ya ɓata yini guda kafin ya san nawa ake sayar da buhun gero a wata kasuwa, yanzu kira ɗaya ne, kamar dai yadda kake bugawa Dawanau kafin ka yi lodi. Ka taɓa lissafa kuɗin motar da kiran nan ya hutar da kai a shekara?

Sai Kenya. A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, pesa ɗin nan kuɗi kenan da Swahili, mutum ya je wajen ejan a shagon unguwa ya ba da tsabar kuɗi a saka masa a layi, ya tura wa mahaifiyarsa a ƙauye ta saƙon tes, babu asusun banki babu intanet. Binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya ce abin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su sun fi amfana. Ni a ganina sirrin ba a wayar yake ba kaɗai, a ejan ɗin nan yake da kowa ya san fuskarsa, shi ya sa namu masu POS ba ƙaramin aiki suke yi ba duk da cajinsu na ƙona rai, wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 zai ba da labari, masu karɓar taransifa ne suka yi ciniki sauran na zaune suna kallon kaya.

Sai dai fa waya bata gyara hanya bata kawo wuta, kuma ɓarayi ma sun waye. Kar ka ba kowa lambar sirrinka ko lambar da banki ya turo maka ko da ya rantse daga banki yake, kuma kar ka saki kaya don an nuna maka alat, duba balas ɗinka da kanka tukuna.

Su kuma yaran, ka ɗauki wanda ya fi iya latse-latsen ka ɗora masa rubuta bashi da cinikin rana a wayar, ya riƙa ɗaukar hoton kaya yana turawa kwastomominka ta WhatsApp, kace daga ribar da ya jawo za a sayi datar wata mai zuwa.