Zaƙami da yaro mai asma: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce asma ta matsa wa yaronka, an ba ka shawarar turara masa zaƙami, wai haka iyaye suke yi, kana so ka ji ko al'ada ce.

Al'ada ce, amma ta manya. Masu magani kan shanya ganyen ko furen a inuwa, babban mutum ya zuƙi hayaƙin a lofe idan ƙirji ya toshe. Wasu kan ɗumama ganyen su ɗora a kan kumburi ko gaɓar da ke ciwo. Kuma yana aiki, domin a cikinsa akwai sinadaran atirofin da hayosin, masu saki hanyoyin iska. Turawa ma sun daɗe suna sayar da sigarinsa ga masu asma kafin maganin shaƙa na asibiti ya fito. Amma mai magani na ƙwarai ba ya ba yaro, ba ya kuma jiƙa 'ya'yan a sha. Ba banza aka sa wa zaƙami suna haukata-yaro ba.

Ka san shi, shi ne mai farin fure kamar kakaki da ƙwallo mai ƙaya, yana fitowa a juji da kango. Dangin gauta ne da taba. Duk jikinsa guba ne, 'ya'yan sun fi. Matsalarsa ba a iya auna shi: ƙarfinsa ya danganta da ƙasa da ruwa da girman tsiron, sai ganye ɗaya na nan ya ninka na can sau da yawa. Abin da ya sauƙaƙa wa ƙato numfashi zai iya halaka ƙaramin yaro.

Idan aka sha, cikin rabin awa zuwa awa guda baki ya bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe, gani ya dushe. Jiki ya yi zafi babu gumi, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai sambatu, mutum na tsintar abin da babu a jikin rigarsa, ya kasa gane mahaifiyarsa. Hakan kan kai kwana biyu. Samarin da ke zuba shi a kunu ko zoɓo a gidan biki, wannan mugunta ce, babu kakan da ya gadar musu.

In ta faru, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan tsamiya. Ba sa karya gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa za su iya shaƙe shi. Kada a ɗaure shi a rana. A shafa masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha.

Yaron kuwa, ka kai shi a duba shi a ba shi abin shaƙa irin su Ventolin, a nuna wa mahaifiyarsa yadda ake amfani da shi. Ka tuge zaƙamin da ya fito a bayan gidanku tun bai yi ƙwallo ba. Ka gaida mutanen gidan.