Amsa: Wace talabijin ce ba za ta shanye mini batirin sola ba?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce batirinka 100Ah ne mai volt 12, kana neman talabijin da za ta kai ka ƙarshen dare ba ta kashe shi ba.

Abu na farko, kada sunan da ake kira a kasuwa ya ruɗe ka. Mu duk talabijin mai siririn allo fulasma muke ce mata, alhali fulasma ta ainihi, irin tsofaffin da ake shigo da su na hannu, mai inci 42 tana iya jan wat 200 ko fiye (wat shi ne ma'aunin cin wuta). LED za ka nema, wato irin allon da ba ya cin wuta da yawa. Mai inci 32 yawanci wat 30 zuwa 50 take ci. Ka sa mai shago ya juya maka bayanta, akwai 'yar takarda da aka rubuta lambar wat ɗin, ita za ka yarda da ita, ba bakinsa ba.

Ga lissafi: 100 sau 12, wato batirinka wat 1,200 ne na awa ɗaya, amma in na ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka sha don kada ya mutu da wuri. Wato 600. Talabijin mai wat 40 da dikoda za su yi kamar awa 10, in babu fanka a kai.

Ni da zan saya, mai shiga batir kai tsaye, wato DC, zan ɗauka, domin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta NEPA, ita ma tana cin nata rabon. In ka kawo ta gida ka rage hasken allon, masu shago ƙure shi suke yi don ta ja ido.