Zuwa ga ɗana mai shirin zuwa Kanada: abin da sanyi ya yi wa zankon zakarana

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni lafiya, kuma na yi murna da jin cewa Jami'ar Albata da ke Edmanton ta ba ka gurbin digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi. Allah ya sa albarka. Ka ce ka ga hoton zakarana da na tura wa mahaifiyarka, ka lura cewa tsinin zankonsa ya yi baƙi, shi ne kake tambaya ko irin ƙurajen nan ne da ke kama kajinka a Mabera, sannan kana son sanin ko za ka iya ci gaba da kiwo idan ka zo.

Ba ƙuraje ba ne. Ƙurajen da ka sani, waɗanda sauro ke yaɗawa, sukan warwatsu a zanko da fuska har gefen ido, su yi ɓawo. Wannan kuwa ƙunar sanyi ce, kuma ba abin mamaki ba ne idan ba ka taɓa ganinta ba, domin hunturun Sakkwato, duk da fasa leɓe da kaushin da yake sa mu, bai taɓa daskarar da ruwan randa ba. A nan, a watan Janairu, sanyi yakan wuce maki 30 ƙasa da sifili. Zafin jikin kaza ya kai kusan maki 41, gashinta kuma bargo ne mai kyau, amma idan sanyi ya tsananta sai jikinta ya janye jini daga zanko da yatsu da jan naman da ke reto ƙarƙashin baki domin ya tsare ƙirji da ciki. Wuraren da jini ya ƙaurace musu su ne suke daskarewa, kuma daga tsini abin yake somawa.

Laifina ne, ba na zakara ba. A shekarata ta farko da kiwo a nan, da na ji an ce za a yi dare mai tsanani, sai na yi abin da kowane Basakkwace zai yi: na bi akurkin na toshe kowace kafa da kwali da leda, na kwanta ina ganin na yi musu gata. Da safe da na buɗe ƙofa, warin kashi ne ya fara tarbata, rufin daga ciki ya yi fari fat da raɓar da ta daskare, zakaran kuma yana tsaye a lungu, zankonsa ya koɗe kamar kitse, tsininsa ya yi toka-toka. Numfashin kaji da kashinsu duk danshi ne, ni kuma na hana danshin hanyar fita, sai ya sauka a kan zanko ya daskare. Busasshen sanyi kaza tana iya jure shi fiye da yadda kake zato. Sanyi mai laima shi ne yake ƙona ta.

Na ɗauko man kaɗanya ke nan zan murza masa, in kai shi gaban na'urar ɗumama ɗaki, sai wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta girma a gona, ta hana ni. Naman da ya daskare, in ji ta, murza shi ƙara raunata shi ne, kuma da yake ba ya jin zafi, wuta za ta iya gasa shi tsuntsun bai ko motsa ba. Abin da muka yi shi ne muka shigar da shi ɗakin da ba zafi ba sanyi, muka jiƙa tsumma da ruwa mai ɗumi muka ɗora a zankon ba tare da gogawa ba. Da a ce yatsu ne, sai a tsoma ƙafafun cikin ruwan da bai wuce maki 40 ba, wato wanda za a iya yi wa jariri wanka da shi, na kamar minti 20, sannan a tsane su sarai. Sharaɗin da ta fi nanatawa shi ne kada a narkar da wurin sannan a mayar da kaza cikin sanyi ya sake daskarewa, domin ɓarnar daskarewa ta biyu ta fi ta farko.

Sauran aikin haƙuri ne. Bayan kwana biyu zankon ya kumbura, ya yi bororo, daga baya tsinin ya koma baƙi ƙirin ya bushe. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin fasa bororon ko yanke baƙin da reza, to kada ka yi, domin shi ne murfin da ke kare sabon naman da ke ƙasa. Na ware shi daga sauran, tunda kaji ba su ganin rauni su ƙyale, na kuma tabbatar yana ci yana sha. Da na ga mugunya, ko wari, ko kumburi yana hawa ƙafa, da likitan dabbobi zan nufa kai tsaye. Ka kuma sani cewa nan ba kamar gida ba ne, inda ake sayen kafso a kasuwa a zuba wa kaji a ruwa. Tun Disambar 2018 irin waɗannan magunguna sai da takardar likita. Hoton da ka gani an ɗauke shi a mako na uku. Wajen mako na shida baƙin ya faɗi da kansa, zankon ya zama sumul ba tsini, kuma ba zai sake tsirowa ba.

Yanzu akurkina a buɗe yake ta sama, can kusa da rufi, ta yadda danshi zai fita amma iska ba za ta bugi kajin a inda suke kwana ba. Ina yawan sauya shimfiɗar garin katako don ta zauna a bushe. Sandar kwanansu na mayar da ita faffaɗan katako, domin kaza ta zauna a kan yatsunta ta lulluɓe su da gashin ciki, kuma na daina ba su ruwa a buɗaɗɗen kwano, inda zakara ke tsoma haɓa ya fito a jiƙe. Wasu suna shafa basilin a zanko, wasu kuma suna cewa ba ya hana komai idan sanyi ya kai sanyi. Ni dai ban ƙara dogara da shi ba. Fitilar ɗumama akurki kuwa ina tsoronta, saboda ita da busasshiyar shimfiɗa da ƙura gobara ce ke jiran lokaci. Wanda zai fara kiwo a nan gara ya nemi jinsi mai ƙaramin zanko, irin Chantecler da aka samar a lardin Kubek saboda wannan yanayi.

Game da tambayarka ta biyu, gaskiya ba na ganin za ka yi kiwo a shekarun karatunka. A cikin Edmanton sai da lasisi, bayan an yi kwas, kuma kaji mata kaɗai aka yarda a ajiye, daga uku zuwa shida. Zakara an hana saboda cara. Ɗalibin da ke haya a bene ba shi da tsakar gida balle akurki. Ni ma don ina zaune a wajen gari ne na samu dama. Kajinka na Mabera ka damƙa wa ƙanenka, kada ka yi tunanin taho da ko ƙwai ɗaya, domin ba za a bar ka ka shigo da shi ba. Idan ka iso, ranakun Asabar akurkina yana jiranka, amma ka zo da safar hannu da hular da ke rufe kunne, domin abin da ya sami zankon nan yana samun kunnen mutum. Ka gaida mahaifiyarka da sauran mutanen gida.

Kawunka.