Tambaya da Amsa: Kifin Tang a Tankin Ruwan Gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata biyar ke nan da na kafa tankin ruwan gishiri mai cin lita 200, tsawonsa santimita 90, na sa duwatsu da murjani mai rai da jatan lande biyu da ƙananan kifaye huɗu. Makonni uku da suka wuce na sayo shuɗin tang da bai wuce tsawon yatsa ba, na sake shi a ciki kai tsaye. Bayan kwana shida sai na ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jikinsa da duwatsu. Ɗigon suka ɓace har na ɗauka ya warke, sai ga su sun dawo fiye da na farko. Wanda ya sayar mini da shi ya ce in zuba maganin jan ƙarfe a tankin. Shin in zuba?
Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka zuba, Malam. Gaskiya ne sinadarin jan ƙarfe yana kashe wannan cuta, amma zai haɗa da murjaninka da jatan landenka da duk wani dodon koɗi da ke ciki, kuma duwatsu da yashi suna tsotse shi su riƙa sakinsa a hankali, ta yadda tankin zai daɗe bai sake karɓar murjani ba.

Alamun da ka zayyana sun yi daidai da na wata ƙwayar cuta da masana ke kira Cryptocaryon irritans, kuma ɓacewar ɗigon da ta faranta maka rai tana cikin tsarin rayuwarta. Takan yi kwana 3 zuwa 7 a cikin fatar kifi tana ci, sannan ta faɗo ƙasa ta manne a dutse ko yashi, ta lulluɓe kanta da ɓawo ta shiga rarrabuwa, har ƙwaya ɗaya ta zama ɗaruruwa. Idan ɓawon ya fashe, 'ya'yan suna da kwana ɗaya ko biyu su sami kifi, in ba su samu ba su mutu. A teku yawancinsu ba sa samu, amma a tankin lita 200 babu inda kifi zai tsere musu. Shi kuwa tang yauƙin da ke kare fatarsa ba shi da kauri, shi ya sa yake riga sauran kifaye nuna cutar.

Hanyar da ke aiki tana da wahala. Za ka kwashe kifayen duka biyar, har da waɗanda ba ka ga komai a jikinsu ba, ka kai su wani tanki daban wanda babu yashi ko dutse a cikinsa, sai matatar ruwa ta soso da na'urar ɗumama ruwa da guntayen bututun roba da za su riƙa ɓuya. A can ake sa maganin bisa ƙa'idar da kamfaninsa ya rubuta, ana auna ƙarfinsa a ruwa kullum har kusan kwana 30, domin idan ya yi ƙasa cutar ta tsira, idan ya yi yawa kifin ne zai tafi. A riƙa auna amoniya ma, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, don sabon tanki yakan tara ta da sauri. Babban tankin kuma a bar shi babu kifi ko ɗaya. An taɓa ganin ɓawon cutar ya kai kwana 72 kafin ya fashe, saboda haka masu kiwo da yawa suke jira kwana 76. Murjani da jatan lande su ci gaba da zamansu, cutar ba ta rayuwa a jikinsu. Tafarnuwar da wasu ke cakuɗawa a abinci ba ta kashe ta. Idan kuma ka ga ɗigon sun zama laushi kamar ƙura, kifin yana numfashi da sauri yana tsayawa a bakin famfon da ke juya ruwan tankin, to wata cuta ce da ta fi wannan saurin kisa, kada ka kwana ba ka raba shi da tankin ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma a ganina ya fi ɗigon girma. Wannan kifi, Paracanthurus hepatus, yana kaiwa santimita 30, kuma halinsa a teku shi ne iyo mai nisa a ruwa mai gudu. Masu kiwo na ƙwarai ba sa ajiye babbansa a tankin da bai kai tsawon santimita 180 da lita kusan 700 ba, kuma tsawon ya fi zurfin muhimmanci, domin kifi ne mai miƙewa a guje. A santimita 90, da ya kaɗa wutsiya sau biyu ya ci karo da gilashi, sai ya shiga kai da kawowa a jikin bango, ya huce haushinsa a kan ƙanana, jikinsa ya raunana, kowace cuta ta same shi a sauƙaƙe. Na sha jin ana cewa za a sayi babban tanki idan ya girma, amma sau da yawa kifin yakan riga aljihu. Idan ba ka da halin babban tankin cikin shekara guda, ka warkar da shi ka nema masa gidan da zai ɗauke shi. Daga yanzu kuma duk sabon kifi ya fara yin aƙalla makonni huɗu a killace kafin ya ga tankin murjani.

Tambaya: Malam, ina da tang mai ruwan ɗorawa a tankin lita 450. Idan na kunna fitila da dare sai in tarar launinsa ya koɗe, da farin layi a gefensa. Cikinsa kuma ya ɗan shafe, ga wasu ƙananan ramuka sun fara fitowa kusa da idonsa. Ina ba shi daskararren abinci sau ɗaya a rana. Ina kuma son in ƙaro masa ɗan'uwa saboda kaɗaici.
Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, koɗewar dare ba ciwo ba ce. Haka wannan kifi, Zebrasoma flavescens, yake yi idan zai yi barci, da gari ya waye launinsa ya dawo.

Shafewar ciki ce abin dubawa. Wannan kifi makiyayi ne, yana wuni yana tsinkar gansakuka a kan duwatsu da dogon bakinsa, don haka ci ɗaya a rana na abincin nama bai ishe shi ba. Ki nemi busasshiyar ciyawar teku da ake kira nori, wadda ba a sa mata gishiri ko mai ko kayan ƙanshi ba, ki yanki kamar faɗin tafin hannu ki maƙala da matsi a jikin gilashi kowace safiya, abin da ya rage kuma ki cire da yamma kada ya ruɓe. Za ki ga yana zuwa ya fizga ya zagaya ya dawo, kuma cikin 'yan makonni ya kamata cikin ya cika idan kika dube shi ta gaba. Ramukan fuska kuwa alama ce ta zaizayewar fata da kan fara daga kai ta bi layin gefen jiki. Ana danganta ta da ƙarancin abinci mai gina jiki da lalacewar ruwa da kuma ƙurar gawayin tace ruwa, saboda haka ki wanke gawayin sosai ko ki dakatar da shi na wani lokaci. Ki tabbatar gishirin yana kan giram 35 a kowace lita, zafin ruwa tsakanin 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri, tunda gishirin ba ya ƙafewa tare da shi.

Batun ɗan'uwa kuwa, ban ba ki shawara ba. A gindin wutsiyar wannan tang akwai ƙaya mai kaifi kamar aska, kwance a kowane gefe, wadda yake miƙarwa idan faɗa ya tashi, kuma babu wanda ya fi tsana kamar mai kama da shi a siffa da launi. A lita 450, wanda ya riga zama zai bi baƙon yana yankarsa har ya hana shi ci. Ki riƙe wanda kike da shi da kyau, domin a teku irinsa yana haura shekara 30, kuma tun da kotu a jihar Hawai ta Amurka ta dakatar da kama shi don sayarwa a 2021 farashinsa ya tashi, aka koma dogaro da waɗanda ake ƙyanƙyashewa a wuraren kiwo, aikin da aka fara cin nasararsa a 2015 a can Hawai. Ranar da za ki kama shi kuma, ki kora shi cikin kwanon roba mai murfi, domin ƙayar tana sarƙewa a raga, tana kuma tsaga yatsa.