Alfa mai yawa ba ta tabbatar da ingancin ma'aunin kunya

Tambaya: Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin nazarin halayyar ɗan Adam. Na fassara ma'aunin GASP, wanda ke auna jin laifi da kunya, zuwa Hausa, na haɗa tambayoyinsa duka na samu alfar Cronbach, wato lambar da ke nuna daidaituwar amsoshin ma'auni, sama da 0.80, amma malamin da ke duba aikina ya ce bai gamsu ba. Lokaci ya ƙure mini, hankalina a tashe yake. Me ya rage?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, amma gaskiya tana wajen malaminki. Ma'aunin GASP da Taya Cohen da abokan aikinta suka fitar a 2011 tambayoyi 16 ne a rukuni huɗu, biyu na jin laifi, biyu na kunya, kuma kowane rukuni daban ake auna shi. Tun da kika zuba su a kwando ɗaya, alfar da kika samu ba ta shaidi komai ba.

Wannan ruɗu kullum sai na ci karo da shi, kuma masu yi wa ɗalibai lissafi don kuɗi su ne suka fi yaɗa shi, wai da alfa ta haye 0.70 an gama. Alfa tana nuna yadda amsoshi ke tafiya tare ne kawai, kuma yawan tambayoyi kaɗai yana iya ɗaga ta. Ba ta faɗin abin da ake aunawa. Ki duba tambayar da ke cewa baƙi sun faɗo gida ba a kintsa ba, shin za ki kauce musu har su tafi? A Amurka, inda aka tsara ta, kaucewar alama ce ta ɓuya saboda kunya mai ciwo. A wajenmu kuwa, matar da ta shige ɗaki domin surukinta ya shigo tarbiyya ta nuna. Idan aka ba ta maki mai yawa, aka rubuta cewa tana da matsala, an zalunce ta da sunan ilimi, kuma wani ma'aikacin asibiti zai iya ɗaukar wannan sakamako ya yi aiki da shi a kan marasa lafiya.

Ki sa wanda bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da fassararki zuwa Turanci. Sannan ki zauna da mutane, maza da mata, su bayyana miki abin da suka fahimta daga kowace tambaya. Bayan haka ki gwada ko rukunan huɗu sun fito a bayananki, ki kuma duba ko makin kunya yana tafiya da alamun baƙin ciki mai tsanani fiye da makin jin laifi, kamar yadda binciken masaniyar halayyar ɗan Adam June Tangney ya nuna.