Amsar Goggo kan shan ciyawar lemun tsami don kwanciyar hankali

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kwanan nan zuciyarki ba ta kwanciya, barci yana yi miki wuya, wata ƙawarki kuma ta ce ki riƙa shan ruwan ciyawar lemun tsami, wato doguwar ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, da dare. Shi ne kike tambaya ko na gaba sun san wannan al'ada, ko kuwa surutun intanet ne kawai.

Sun san ta, kuma a ƙasashe da dama. Asalin ciyawar daga kudancin Asiya ne, daga can ta bazu a ƙasashe masu zafi. A Barazil tun da daɗewa ake jiƙa ta a ba wanda hankalinsa ya tashi ko ya kasa runtsawa. A tsibiran Karibiyan kuma an fi saninta da sauke zazzaɓi.

Sai dai ba zan ɓoye miki abin da masana suka gano ba. A 1986 wasu masu bincike a birnin Sawo Paulo sun gwada shayin a kan mutane. Ba su ga ya cutar da kowa ba, amma kuma ba su ga ya rage fargaba ko ya kawo barci ba. A 2015 wani bincike, shi ma a Barazil, ya sa maza 40 cikin gwaji mai tayar da hankali, sai aka ga waɗanda suka shaƙi ƙamshin man ciyawar sun fi saurin samun natsuwa. Mutum 40 ba su da yawa, don haka kada ki ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ni dai abin da na ɗauka shi ne albarkar tana cikin ƙamshin, wanda wani sinadari mai suna sitiral ke bayarwa, da ɗumin ruwan, da zaman da mutum zai yi ya ajiye waya ya numfasa. Ga shi ba ta da kafin, wato sinadarin da ke hana barci, don haka ba za ta hana ki barci kamar kofi ba.

In za ki sha, ki wanke ganyen, ki ɗan murje shi, ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki rufe na minti 5 zuwa 10. Rufewar nan kada ki raina ta, domin man da ke ɗauke da ƙamshin yana bin tururi ya gudu. Ki tace sosai, gefen ganyen yana da kaifi. Kofi ɗaya ya isa. Man da ake tatsa a zuba a ƙaramar kwalba kuwa ba a shan sa, ba a kuma shafa shi tsantsa a fata, yana ƙuna. Mai juna biyu ta bar shi sai ta ji daga likita, haka ma mai shan maganin asibiti, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa don ya samu ganye.

Abin da ya fi damuna, 'yata, ba ki faɗa mini tun yaushe kike cikin wannan hali ba. Gajiyar aiki da ɓacin ran yini guda, shayi da hutu suna iya sassauta su. Amma in ƙuncin ya kai mako 2 bai ɗaga ba, abinci ya fita ranki, abin da kike so a da ya daina ba ki sha'awa, to wannan ciwo ne, kuma yana da magani a wurin likita. Babu abin kunya a ciki, ba kuma raunin imani ba ne. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa wani a ranar, kada ki kwana da shi.

Ki kira ni bayan isha'i, ina so in ji muryarki, ki faɗa mini abin da ke hana ki barcin. Allah Ya yaye miki, Ya ba ki lafiya.

Goggonki